Takun Bulama

Ƙusa ce ta fara cin ƙafar Ba Madu. 'Yar ƙarama ce mai tsatsa, ta leƙo daga katakon dandamali ranar da suka yi wasa a filin wata makaranta. Ya taka ta, bai ko ɗingisa ba har aka tafa aka watse, domin a wurinsa ɗan wasan da ya bari 'yan kallo suka ga ciwonsa ya ci amanarsu. Ciwon suga ya ƙarasa sauran aikin. Wata biyar ana wankewa ana ɗaurewa, daga ƙarshe likita ya ce ko ƙafa ko rai. Aka yanke ta hagu, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Shekara talatin da ɗaya Ba Madu yana fitowa a matsayin Bulama, wato mai unguwa, a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Lamisula. Da safe yana rumfarsa ta yadi a Kasuwar Litinin, bayan la'asar yana wurin gwaji. Labarin wasa yakan canza, amma ƙarshensa ɗaya ne: mutum biyu na rigima a kan iyakar gona, sai Bulama ya miƙe ya auna ta da takunsa, taku ashirin da ɗaya, jama'a na ƙirgawa da ƙarfi. Wannan ya roƙe shi ya buɗe ƙafa, wancan ya roƙe shi ya tsuke, shi kuwa ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Abin da mutane ke zuwa kallo ke nan.

To, ga shi manoman Zabarmari sun aiko suna son a yi musu wasa bayan yankan shinkafa, saura sati uku. Ƙungiya ta ce in Ba Madu ba zai iya ba, Mahfuz zai ɗauki Bulama. Mahfuz magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, direban keke mai ƙafa uku, shekara goma sha biyu yana fitowa a ɗaya daga cikin masu rigimar. Ba Madu ya ji labari, ya juya fuska bango.

Ranar Laraba da hantsi sai ga Ketura. 'Yar marigayi Alfred ce, abokin da suka kafa ƙungiyar tare, yanzu ita ke tsara wasan kuma tana koyarwa a jami'a. Ta tarar da shi a zaure, ya lulluɓe dungun da zanen gado duk da zafin da ake yi.

"Wushe, Ba," ta gaishe shi da Kanuri. "Yaya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya ragu, 'yar Alfred. Ke ma kin ga inda ya ragu. In kin zo karɓar rawanin Bulama ne, yana cikin akwati."

"Labari na kawo maka."

Ta zauna a tabarma, ta ciro wasu takardu. Ta ce a ƙasar Japan akwai wani wasan dandamali da ake kira kabuki, wanda ya haura shekara ɗari huɗu ana yin sa, kuma maza ne ke fitowa har a matsayin mata.

"Wannan kuma ba sabo ba ne," in ji Ba Madu. "Da muka fara, wace mace za ta hau dandamali a garin nan? Ubanki ne ke ɗaura ɗankwali. Ga gashin baki, ga ɗankwali. Har wani attajiri ya aiko tambayar ko tana da miji."

Ketura ta yi dariya har da share hawaye, sannan ta ci gaba. Ta ce sama da shekara ɗari da hamsin da suka wuce an yi wani ɗan wasa a can. Tun yana ƙaramin yaro aka hau da shi dandamali, kafin ya cika ashirin ya shiga sahun gaba a masu fitowa a mace. Sai ya ji ciwo a ƙafa, ciwon ya ruɓe, aka yanke ta.

Ba Madu ya ɗago kai.

"Ya koma dandamali, Ba. Daga baya aka yanke ta biyun. Ya sake komawa. Masu shirya dandamali suka riƙa yi masa wurin jingina da abin da zai tare ƙasan jikinsa. Kuma su a wasansu akwai mutane masu baƙaƙen kaya da ke shiga su gyara wa ɗan wasa zama, 'yan kallo sun saba su yi kamar ba su gan su ba."

"Kuma aka zo kallo?"

"Aka cika gida."

Ya murza gemu. Kada ka ga laifinsa. Mutumin da ya yi wata bakwai ba wanda ya nemi komai a wurinsa sai dai a tambaye shi ya jiki, in aka zo aka ce ana bukatarsa, dole zuciya ta motsa.

"Ki gaya wa Mahfuz ya zo ya ɗauke ni ranar Asabar," ya ce.

Ranar Asabar bayan la'asar Mahfuz ya kawo shi wurin gwaji, ƙarƙashin dalbejiya a harabar makarantar unguwa. Ketura ta riga ta shirya komai. An kafa zana mai tsayin ƙugu, an sa kujera mai tsawo a bayanta, yadda in ya zauna za a ce a tsaye yake a bakin shingen gona. Maza biyu cikin baƙaƙen riguna suna tsugune a gefensa. Aka naɗa masa rawani.

Da ya buɗe baki ya daka tsawar Bulama, sai da wata mai sayar da gyaɗa a bakin ƙofa ta miƙe tsaye. Murya tana nan, ba abin da ya taɓa ta. 'Yan ƙungiya suka riƙa kallon juna suna murmushi. Masu rigima suka zo suka durƙusa, kowa ya faɗi nasa, Bulama ya yi musu tambayoyi, ya kama ɗaya da ƙarya. Ba Madu ya ji jininsa na gudu kamar da.

Sai aka zo wurin awo. Ya kai hannu zai dafa zana ya miƙe, sai ya ji Mahfuz ya ce wata magana da bai taɓa ji ba a wasan: "Ranka ya daɗe, ba sai ka taka ba. Ka nuna mana da sanda, mun yarda." Ɗayan ma ya ce ya yarda. Suka rungumi juna. Ketura ta tafa, ta ce an gama.

"An gama me?" in ji Ba Madu.

"Na ɗan gyara ƙarshen ne, Ba."

"Mutum biyu sun yi shekara suna neman kashe juna a kan taƙi ɗaya na ƙasa, sai tsoho ya nuna da sanda daga nesa su ce sun yarda? A Zabarmari za ki nuna wannan? Gaban mutanen da suka bar gonakinsu shekaru, suka dawo suka tarar ciyawa da ruwa sun cinye iyaka? Su da suka san abin a jikinsu?"

"Ba, muryarka kawai ta isa," in ji Mahfuz.

"Kai, rufe min baki. Kai da kake rungumar abokin gabarka kamar ka ga mai biyan kuɗin keke."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Ba Madu ya dubi zanar, ya dubi mutum biyun nan masu baƙaƙen kaya, waɗanda a da su ne ke fitowa a maƙwabta masu zuga rigima, yanzu an mai da su masu riƙon tsoho. Ya kira Ketura da hannu. Ta matso.

"Mutumin nan naki na Japan. Kin kai ni inda aka cika gida kika tsaya. Yaya ya ƙare?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba, wannan ba shi ne..."

"'Yar Alfred, ubanki bai taɓa ba ni rabin labari ba."

Ta faɗa masa. Ciwon bai tsaya a ƙafafu ba, ya kama hannuwa, aka yanke ɗaya, ɗayan ma aka rage yatsu. Ya bar dandamali. Daga baya hankalinsa ya taɓu, ya rasu bai fi shekara talatin da 'yan kai ba.

"Allahu akbar," in ji Ba Madu. "Namiji ne. Ban raina shi ba, kuma ba zan iya abin da ya yi ba. Amma gaya min, waɗanda suka cika gidan, matar da yake fitowa a ita suka zo gani, ko kuwa sun zo su ga yadda marar ƙafa zai yi?"

"Takardun ba su faɗa ba."

"Ba za su faɗa ba. Shi dai ya sani, yana can sama yana kallon idanunsu."

Ya sa hannu ya warware rawanin a hankali, ya naɗe shi a cinya. Ya ce a cire zanar. Aka cire, dungun ya fito fili, ƙafar wando a ninke an soke ta da fil. Wasu suka kawar da kai.

"Ku kalla. Ba abin kunya ba ne, Allah ne ya karɓi kayansa. Mahfuz, tashi ka taka min iyaka."

Mahfuz ya ce shi wallahi ba zai iya ba a gabansa. Ba Madu ya ce ai ba roƙonsa yake yi ba. Mahfuz ya taka. Shekara goma sha biyu yana ganin takun nan, amma abin da ya fito tafiyar mai sauri zuwa masallaci ce.

"Bulama kake ko ɗan aike? Sake."

Ya sake. Ba Madu ya yi bayani da baki: dunduniya tukuna, kada a ɗaga ta baya sai ta gaba ta zauna. Mahfuz ya gwada, ya koma kamar mai tsallake kwata. Sau shida ana yi. Abin da ƙafa ta sani, baki bai iya faɗarsa ba, kuma ƙafar da ta sani ɗaya ce ta rage.

"Ku sauke ni ƙasa," in ji Ba Madu.

"Haba, Ba!" in ji Ketura.

"Ku sauke ni, na ce. Kawo takalman Bulama."

Suka sauke shi a kan rairayi. Dattijo mai shekara sittin da uku, mai rumfa a kasuwa, mai surukai, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, ya zura tafin hannuwansa cikin takalman fata. Ba wanda ya yi dariya. Ya ɗaga na dama, ya sauke dunduniyarsa, ya bar nauyin kafaɗarsa ya bi ta a hankali har takalmin ya nutse a rairayi. Sai a lokacin na hagu ya tashi. Yana yi yana jan jiki, dungun na barin layi a bayansa.

"Ka ga? Kuma idonka ba ya ƙasa. Ƙasa ba ta ƙarya, ba ta bukatar kallo. Wanda ya yi maka ƙarya, shi za ka kafa wa ido tun daga na farko har na ƙarshe. A na bakwai ka tsaya kamar ka manta lissafi, ka bar shi ya sa rai. Sannan ka ci gaba."

Ya kai taku tara ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Ya ƙi tsayawa sai da ya cika goma sha ɗaya, sannan ya zauna yana haki, ya zare takalman ya tura wa Mahfuz. Mahfuz ya tsuguna ya ɗauka da hannu biyu.

"Ba kyauta na ba ka ba. Kullum bayan la'asar ka zo ka same ni, har ranar."

Ranar wasan, a wani fili kusa da masussukar shinkafa a Zabarmari, Ba Madu ya ƙi kujerar da aka ajiye masa a gaba. Ya zauna a kan buhu cikin manoma, sandunan da yake dogarawa a gefe. Wani tsoho ya gane shi, ya riƙe hannunsa ya yi masa jaje, sannan ya koma kallon wasa.

Aka zo wurin awo. Mahfuz ya miƙe cikin rawani, ya kafa wa maƙaryacin ido, ya sauke dunduniya. Jama'a suka ɗauki ƙirga da Kanuri, "Tilo! Indi!", yara da manya. A na bakwai ya tsaya, fili ya yi tsit, wata mata ta ce, "Ya manta!" Sannan ya ci gaba, aka fashe da ihu. Ba wanda ya waiwayo wajen buhun.

Ba Madu bai ƙirga da baki ba. Yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa suna dannawa ɗaya bayan ɗaya. Da aka watse Mahfuz ya ratso mutane ya zo ya durƙusa a gabansa, gumi na zuba daga ƙarƙashin rawani.

"Yaya, Ba?"

"Na goma sha shida ya gaza. Ka ji ihu ka yi sauri, ka cuci mai gonar yamma da kusan taƙi guda." Ya miƙa hannu a ɗaga shi. "Litinin bayan la'asar. Kada ka makara."