Jita Mai Launin Anko

Kiɗa da ido ake fara jinsa, kunne daga baya yake zuwa. Dakta Ebenezer ne ya gano haka bayan shekara ashirin yana koyarwa a jami'a, kuma a shagon Ezekiyel kafinta da ke Tudun Wada ya fara bayyana wa duniya, ran da ya zo duba jitar da zai kaɗa a bikin 'yarsa Christabel.

Ezekiyel ya saurara da ladabi. Shekara talatin yana yin gadaje da ƙofofi, ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya iya wani abu sai wannan karon. Bayan jitar da gefenta na maɗaci ya yi. Fuskar kuwa wani farin katako ne mara nauyi da ya ciro daga ruɓaɓɓen fiyanon coci tun yana saurayi, ya ɓoye a ƙarƙashin gado, ya hana matarsa ta yi kanta da shi. Babu irinsa a Zariya, shi ma guda ɗaya gare shi. Wata huɗu yana kankare shi, har ya zama in ya ƙwanƙwasa da yatsa sai ya amsa. Malama Loveth, mai koyar da kiɗa a wata sakandare a Hanwa, ta ji amsawar nan da kunnenta. Ta ce za ta zo bikin, in jitar ta yi daɗi makarantarsu na neman guda shida.

Saura shafe. Ezekiyel ya yi bayani cewa mai zai shafa da tsumma, kaɗan-kaɗan, sau bakwai, don kada a danne katakon. Dakta ya yi murmushin da yake yi wa ɗaliban ajin farko. Ya ciro ƙyallen anko daga aljihu, ja mai duhu da ratsin ruwan zinare. Kwamitin biki ya zauna, in ji shi, an yanke cewa kujeru da kek da motar amarya duk launi ɗaya za su kasance, bai ga dalilin da zai sa jita ta fita daban ba.

"Ranka ya daɗe, fenti zai kashe ta."

"Malam Ezekiyel, kai ka san katako. Ka bar mana sanin kyau."

Aka kai ta garejin Lawal mai fentin mota, wanda zai fesa motar amarya. Lawal mutum ne mai riƙon amana a sana'a. Da ya ga zanen katakon ya ɗauka aibi ne, ya cike shi da fila irin ta toshe lotsawar mota, ya goge, ya fesa fenti sau uku, ya ɗora mai ƙyalli a kai. Ya yi wa Ezekiyel albishir cewa ko ruwan Agusta ba zai shiga ba. Ezekiyel ya ɗauke ta, ya ji ta ƙara nauyi kamar an ɗura mata ƙasa. A cikin keke ya ƙwanƙwasa fuskar sau ɗaya. Bai sake ba.

Ranar biki jitar ta yi kyau ƙwarai. Mata suka yi ta hoto da ita, har wata ta mai da ita madubi, ta gyara ɗankwalinta. Sannan Dakta ya hau dandamali, ya ja tsirkiya. Sautin ya fito a shaƙe, ya mutu kafin ya kai teburi na biyu. Mai na'ura ya ƙara murya, abin ya ƙara fitowa fili.

Dakta bai rikice ba. Ya karɓi makirfo ya ce shi mutum ne mai son ƙarfafa sana'ar gida, shi ya sa bai yi odar ta waje ba, amma dai kowa ya ji, har yanzu da sauranmu. Jama'a suka yi dariyar tausayi. Ya hango Ezekiyel a can baya kusa da masu rabon shinkafa.

"Ko ba haka ba, Malam Ezekiyel?"

Dakta ne ya samar wa ɗan Ezekiyel gurbin karatu bara. Ezekiyel ya miƙe, ya cire hula.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Katakon ne ya tsufa."

Aka tafa wa Dakta. Da za a tashi Malama Loveth ta biyo ta gaban Ezekiyel, ta gaishe shi da kyau, ta tambayi iyali da aiki, ta ce a gaida gida. Maganar jita shida ba ta taso ba.