Ƙyauren Baba Labaran

Uzairu ya turo babur ɗinsa cikin gida ya tarar da Baba Labaran durƙushe a bakin ɗakinsa, yana ɓamɓarar ƙusa da bakin tsohon gatari. Ƙyauren, langalanga ne da aka buga a kan katako, ya riga ya karkace yana lilo.

"Riƙe mini nan, ɗan nan, kada ya faɗo mini a ƙafa."

Uzairu ya riƙe. Sai da suka jingine shi a bangon rijiya sannan ya tambayi dalili. Tsohon ya kakkaɓe hannu, ya ce ai shi Uzairun ne ya ba shi dabarar.

Gidan haya ne a bayan tashar Kwanar Dangora, ɗakuna a jere suna kallon tsakar gida ɗaya. Satin da ya wuce masu karɓar harajin gidaje suka zo, suka ce in ba a biya na bana ba za a garƙame zaure. Mai gidan yana Kano. Ya aiko wakilinsa, Bature, da saƙon cewa mai kwana a gida shi ke biya. Aka zauna rabo. Uzairu, da yake shi kaɗai ne a ɗakinsa, ya so a raba bisa yawan kai. Malam Balarabe tela, mai ɗaki cike da 'ya'ya, ya ce ko'ina bisa ƙofa ake yi. Ya fi kowa murya, don haka ya ci. Da wani ya tambaya ko za a ƙirga madafi, Uzairu ya ce cikin haushi, abin da ba shi da ƙyaure ai ba ɗaki ba ne. Bature ya ce shi ke nan, an tsayar, ƙyaure za a ƙirga.

Baba Labaran yana gefe ranar, da tiren goronsa a cinya. Kowa ya san damina ta kashe masa ciniki.

Yanzu ya rataya buhun taki a ƙofar, ya ja baya yana dubawa kamar wanda ya yi sabon gini.

"Daga yau ɗakina madafi ne."

Tani, matar Malam Balarabe, ta yi dariya har ta zubar da ruwan wankinta, ta ce ko ta kawo tukunya ta ɗora. Gidan ya ɗauka da dariya. Uzairu ma ya yi dariya, amma idonsa na kan ƙofar. Gabas take kallo, inda hadari ke tasowa.

Aka shiga marka. Ruwa ya riƙa sauka ba ya jiran wancan ya bushe. Bango ɗaya ya raba ɗakin Uzairu da na tsohon, kuma ta bangon ya fara jin tarin. Da farko busasshe ne. Daga baya ya koma mai nauyi, irin wanda in ya tsaya sai Uzairu ya bar abin da yake yi, ya kasa kunne har sai ya ji numfashi ya dawo.

Ya shiga ya ce zai biya masa kasonsa, a mayar da ƙyaure. Tsohon ya ce in ya biya, shi ne mai binsa ke nan. Uzairu ya ce kyauta ce. Tsohon ya ce ya san babur ɗin ma Uzairu bai gama biyan mai shi ba, ba zai ci daga wuyan wani ba. Sannan ya ba shi labarin wata jana'iza a ƙauyensu, can bayan Doguwa, yana saurayi. An jera sahu, liman ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, wani ya ce yana binsa. Liman ya ja baya. Gawa ta kwanta a rana, mutane suna kallon ƙasa, har aka samu wanda ya ɗauka. Tun daga ranar, in ji shi, ko gishiri bai taɓa karɓa a kan zai kawo ba.

"Harajin nan bai hau kaina ba tun da ba ƙyaure. Ku kuka faɗa, a gaban shaidu."

Uzairu ya sami Malam Balarabe a kan kekensa na ɗinki, ya roƙe shi a yafe wa tsohon a bar shi da ƙyaurensa. Malam Balarabe bai ɗaga ƙafa daga keken ba. Ya ce shi ba shi da ja, amma in aka yafe wa ƙofa ɗaya, gobe kowa zai tashi da uzuri, kuma abin da aka tsayar a gaban wakili sai a gaban wakili ake warware shi. A jira Juma'a, ranar da wakilin zai zo. Uzairu ya kira Bature, shi ma ya ce sai ya zo. Mai kemis ya zo ya yi allura, ya ce sanyi ya shiga ƙirji, a rufe ɗakin nan. Aka kira Khairiyya, 'yar tsohon da ke aure a ƙauye, ta ce rafi ya cika, da ya janye za ta taso.

Ranar Alhamis bayan la'asar gabas ta yi baƙi. Baba Labaran bai gane Tani ba da ta kai masa kunu. Uzairu ya tsaya a tsakar gida yana kallon hadarin. Maganar da ya yi cikin haushi ita ke kwance a ɗakin can tana tari. Ya je ya ari guduma. Malam Balarabe ya dube shi, ya tashi daga keken ba tare da an ce masa ba, ya zo ya riƙe ƙyauren har aka buga shi. Tani ta kawo garwashi a kasko. Ɗakin ya fara ɗumi.

Uzairu ya zauna a bakin tabarma. Ruwa ya sauko, yana dukan langalangar da ƙarfi. Ƙarar ce ta farkar da tsohon. Ya buɗe ido, ya nemi hasken da ya saba gani ta ƙasan buhu, bai gani ba.

"Wa ya mayar?"

"Ni ne, Baba. Ruwa ake yi."

"Cire."

Uzairu ya ce gobe Bature zai zo, za a yafe, Malam Balarabe ma ya yarda. Tsohon ya kamo hannun rigarsa. Yatsunsa da zafi.

"Ba ni da gobe, Uzairu. Kada ka sa in tafi da bashi a wuyana."

Bai taɓa kiran sunansa ba sai ranar. Idonsa ba na mai taurin kai ba ne, na mai tsoro ne, yana kallon ƙyauren kamar mutum ne tsaye a kansa.

Uzairu ya miƙe. Sannan ya ɗauki gudumar. Ƙusoshin sababbin bugu ne, ba su yi gardama ba. Ya rungumi ƙyauren ya fita da shi cikin ruwa, ya kwantar a tsakar gida. Malam Balarabe yana tsaye a ƙofarsa yana kallo.

Da ya dawo, iska ta riga shi shiga. Tsohon ya juyo da fuska wajen hasken, leɓensa na motsi da kalmar shahada. Uzairu ya zauna a bakin ƙofa, ya ba ruwan baya don ya tare masa feshi, yana amsa masa a hankali. Can ya ji shi kaɗai yake faɗa.

Bai tashi ba. Ruwan da ke zuba daga rigarsa ya gangara ƙasan ɗakin, ya isa gindin kasko, ya tsaya.