Tiren Fukafukin Jirgi

Tiren da muke cin abinci a kansa a gidanmu na unguwar Mansur a Makka fukafukin jirgin yaƙi ne, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Zamanin yaƙin Turawa, ayarin su Babana sun yada zango a ƙasar Sudan a hanyarsu ta Makka, jirgin ya zo yana hayaƙi ya kife a gonar gero. Baba maƙeri ne. Ya taya binne matuƙan, sannan ya yanko fukafuki ya ƙera tire. A kansa aka ci tuwon sunana. Ni kuma na yi alkawari da shi za a kai jikata Manar ɗakinta.

Ana saura kwanaki biki, ango Usama ya kawo uwarsa Hajo ganin kayan ɗaki. Yaron nan mai shegen bincike ya kifa tiren, ya ga lambobi a gindinsa, ya danna su a waya.

"Hajiya, jirginku ne fa! An ce ya daɗe yana zuba bom a garuruwan Libiya. An harbe shi, aka gyara, ana kai shi wani fagen ya faɗi."

Hajo ta ja da baya tana karkaɗe abaya kamar ta taka kashi.

"A'uzubillahi! Jinin Musulmi kuke cin tuwo a kai? Wallahi ba zai shiga gidan ɗana ba."

Ni Hajo za ta yi wa tsarki? Da ubanta aka yi ayarin nan!

Na ce, "Ke Hajo, rufe mana baki. Ubana ƙarfe ya ɗauka, bayan ya yi wa gawa sutura. Naki uban kuwa, takalman gawar ya tuɓe, da su ya tako har Jidda. Laimar saukar jirgin kuwa, uwarki ta yanka ta yi zanen fita unguwa. Tambayi duk tsohuwar da ta rage a unguwar Jarwal."

Maƙwabta sun cika ƙofa. Hajo ta ja abayarta ta rufe fuska. Na gyara zama, raina fes.

Sai Manar ta durƙusa gabana.

"Halas, ya isa haka, ya Sitti, kakata. Ni ma ba na so."

"Tsoron wannan matar kike ji?"

"A'a. Akwai yara a garuruwan nan. In na zuba abinci, su zan riƙa gani."

Na ɗaga hannu zan make ta, hannun ya ƙi sauka. 'Yar da na yaye a kan tiren nan!

An kai amarya unguwar Kudai da wani tire ɗan China mai furanni, wanda ko zafin shinkafa lanƙwasa shi yake. Nawa yana nan, ni kaɗai nake ci a kai. Usama kuwa in ya gaishe ni, bango nake kallo.