Haƙoran Gaban Malam Abdulbaƙi

Shekara ashirin da biyu Malam Abdulbaƙi ya yi yana jan baƙi a tafsirin azumi na masallacin unguwarsu a Gwandu. Wani malamin ne ke fassara, shi nasa karanto ayoyi, amma da yawa daga cikin masu cika harabar don muryarsa suke zuwa. Ba ya gaggawa, ba ya haɗiye harafi. Kowanne sai ya fito da shi daga mazauninsa, har na bayan sahu ya ji tas.

Siddiƙu shi ne ɗansa na uku, malamin gona ne. Yayyensa duk aiki ya yi nisa da su, don haka shi ke goya tsohon a babur duk inda za shi.

Wata Talata a farkon watan Rajab suka je gaisuwar rasuwa garin Malisa. A hanyar dawowa, bayan la'asar, wayar Siddiƙu ta yi ƙara a aljihun gabansa. Ya san ko su wane ne: abokansa na kallon ƙwallo, tun safe suke ta musu a kan wasan jiya, kuma shi aka tasa a gaba. Ya sa hannun hagu ya zaro ta don ya ga me aka sake ce masa. Kafin ya ɗago, tayar gaba ta nutse a yashin da ke kwanar fita gari. Babur ya watsar da su. Shi ya tashi da ƙujewa a gwiwa. Malam kuwa bakinsa ne ya daki gefen kwalbati.

Mutane suka yo kansu a guje. Wani dattijo ya riƙe Malam yana goge masa jini da bakin rawaninsa, ya juyo ya ce, "Subhanallahi! Yaro, mi ya faru?"

"Akuya ce ta gitta," in ji Siddiƙu.

Bai shirya maganar ba, fitowa kawai ta yi. Malam lokacin da abin ya faru idonsa a rufe yake yana jan carbi, bai ga komai ba.

Haƙora huɗu na gaba, na sama, suka tafi. Biyu sun fita gaba ɗaya, biyu sun karye daidai dasashi. Aka ɗinke leɓen a Gwandu, aka ba shi magunguna, kumburi ya saɓe cikin mako biyu. Duk wanda ya zo dubiya sai ya tambaya, Malam kuma sai ya amsa da haƙuri, hannunsa a kan baki: "Akuya ce, ƙaddara ce. Allah ya tsare yaron, shi ne abin godiya." Siddiƙu yana zaune a gefe yana miƙa wa baƙi ruwa. Tun yana ƙirga sau nawa ya ji maganar har ya daina.

Da Sha'aban ya kama, wata safiya Siddiƙu ya shigo gaisuwa ya tarar Malam a ɗaki shi kaɗai yana gwada karatu. Ya tsaya a bakin ƙofa. Haruffan sun ƙi fita daidai: sin ta zama iska, zal ta koma wani abu daban, harshen yana neman inda ya saba dafawa bai samu ba. Malam ya maimaita aya ɗaya sau biyar, sannan ya yi shiru. A ranar ya aika aka kira almajirinsa na da, Sirajuddeen, wanda yanzu shi ma magidanci ne, ya ce shi zai ja baƙi bana.

"Ba ni zama gaban jama'a in ɓata harafin Allah," ya ce wa matarsa Inno da ta nemi ya sake tunani.

Azumin nan Malam bai je tafsiri ko sau ɗaya ba. Ya daina ba da karatun zaure, ya rage fita. Nama sai Inno ta daka masa, ƙosai sai ya jiƙa a kunu. Guntayen nan biyu da suka rage a dasashi kuma suka fara ruwa, wani lokaci kuncin ya tashi har ido. Siddiƙu ya fita daga zauren hirar abokan ƙwallo na waya, ya daina kallon wasa, amma hakan bai rage masa komai ba. Abinci ma in ya tauna da haƙoransa na gaba sai ya ji kamar sata yake yi.

Sai kuma labari ya iso daga Malisa. Dattijon da ya goge wa Malam jini ya zo yi masa barka da salla, yana ba da labari da alfahari: ai sun gano mai akuyar. Wata bazawara ce, Indo, gidanta ne na ƙarshe a kwanar. Mai unguwa ya kira ta ya yi mata faɗa a gaban mutane, ya ce sakacinta ya raba Gwandu da muryar Malam. Malam ya ce don Allah a ƙyale ta, dabba ba ta da hankali. Siddiƙu ya tashi ya shiga banɗaki, ya daɗe a tsaye bai yi komai ba.

Siddiƙu ne ya dage a kan zuwa Kalgo. Wani abokin aikinsa ne ya ba shi labarin wata likitar haƙori, Hauwa, da ke da ɗan asibitinta a can, wadda ta yi wa mahaifiyarsa haƙoran roba. Malam ya ƙi da fari, ya ce tsoho da giɓi ai ba abin kallo ba ne. Inno ce ta ce, "Ba don kyau ba, Malam. Bakin nan shina wari, kuma kai ma ka sani." Washegari suka shiga motar haya, suka bi ta Birnin Kebbi.

Likita Hauwa ba ta kai shekarun Siddiƙu ba, amma hannunta a nutse yake. Ta kwantar da kujerar, ta haska fitila, ta ɗauki hoton bakin, sannan ta zauna ta yi musu bayani dalla-dalla. Guntayen biyu sun ruɓe har saiwa, ba su gyaruwa, cire su za a yi. Akwai matauni ɗaya a ƙasa da ya yi rami, wannan ciko kawai yake so. Sauran kuma za a wanke su, don dattin da ya daskare a gindinsu shi ke sa dasashi jini. In wurin ya warke, bayan kamar mako shida, sai a auna bakin a yi masa haƙora huɗu na sakawa da cirewa. Ta ce akwai dashe, wanda ake kafa ƙarfe a ƙashi, amma da shekarunsa da ciwon sukarinsa ba ta ba shi shawarar wannan ba.

"Ɗiyata," in ji Malam, "abu guda nika tambaya. Karatu zai dawo?"

"Zai dawo sosai, Baba, amma sai kun yi haƙuri da su. Harshe sai ya sake koyo." Ta jawo kati da biro. "Yaya abin ya faru ne?"

"Akuya ce ta gitta muna bisa babur."

Siddiƙu ya ga biron yana tafiya a kan katin. Yanzu har a rubuce take.

Ta yi allurar kashe zafi, ta ce Siddiƙu ya riƙe hannun tsohon in yana so. Ya riƙe. Guntun farko ya fito da sauƙi. Na biyu ya gardama, sai da ta tsaga dasashin kaɗan, kuma Siddiƙu ya ji ƙarar ɓaɓɓakowarsa har cikin nasa kan. Malam bai yi motsi ba, yatsunsa ne kawai suka matse. Da aka gama ta cusa auduga ta ce ya cije, kada ya yi magana, kada ya tofar da yawu, har awa ɗaya.

Suka fito bakin titi, suka zauna a benci ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro suna jiran mota. Rana ta take. A nan Siddiƙu ya ce, "Baba, babu akuya."

Malam ya juyo.

"Waya nika dubawa. Maganar ƙwallo ce. Na saki hannu guda, ban ga yashin ba. Da sunka tambaye ni sai na ce akuya, kuma na kasa warwarewa."

Yana faɗa yana sane da abin da ya yi: wata huɗu yana da dama, bai zaɓi lokaci ba sai wanda aka hana tsohon buɗe baki. Ko a wurin faɗin gaskiyar ma ya yi wayo. Malam ya dube shi ya daɗe, audugar ta yi ja a gefen leɓensa, sannan ya mai da idonsa titi. Mota ta zo, suka shiga. Awa ɗaya ta cika tun kafin su bar Birnin Kebbi, Malam ya cire audugar ya naɗe a takarda, amma har suka sauka Gwandu bai ce uffan ba.

Sai bayan kwana biyu Malam ya kira shi zaure. Ya sa ya rufe ƙofa.

"Haƙora na Allah ne, ya ba ni ya karɓa," ya ce, maganar tana fita da iska. "Da ka gaya mini ran nan, da na yi maka faɗa mun wuce wurin. Amma kai kana zaune, kana ji, ina gaya wa mutane ƙarya da bakina. Mutum nawa, Siddiƙu? Har da liman. Har da baƙin da sunka taho daga nesa."

Siddiƙu ya sunkuyar da kai.

"Kuma matar nan. Ranar da anka kawo labarinta kana nan. Ka tashi ka fita, na ɗauka tausayina ka ji." Ya ɗago ya dube shi. "Gobe ka tafi Malisa. Ban aike ka da gaisuwa ba. Kai za ka tafi da ƙafarka."

Washegari Siddiƙu ya tarar da Indo tana sussukar gero a tsakar gida. Ta shimfiɗa masa tabarma a bakin zaure, ta tsuguna daga nesa. Da ya gama gaya mata gaskiya ba ta yi mamaki ba.

"Ai na sani," ta ce. "Ranar nan awakina uku suna ɗaure, ni na ba su harawa da hannuna. Amma wa zai ji tawa ya bar ta ɗan Malam?" Ta karkaɗe zaninta. "Jar akuyar na sayar, don ita anka ce. Tana da ciki."

Ya ce zai sayo mata wata. Ta ce ba ta hana shi ba, amma ba wannan ne ya dame ta ba. A gaban mutane aka kira ta, tun daga ranar ko biki ba ta shiga da sakin jiki. Siddiƙu ya tashi ya nufi ƙofar gidan mai unguwa. Akwai mutum bakwai ko takwas a zaune. Ya gaishe su, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ba wanda ya zage shi. Dattijon nan ne kawai ya ce, "Kai, yaro," ya kau da kai, kuma da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Sauran zuwan Kalgo guda huɗu ne. Aka wanke haƙoran da wata na'ura mai tsiwa da feshin ruwa, jan goron shekaru ya fita, har Inno ta ce ta manta haka suke. Aka cike mataunin. Aka cusa masa wani abu mai laushi kamar ƙullu ya cije don a ɗauki siffar bakin. Da likita ta kawo jerin launuka ya zaɓa, Malam ya ture farare ƙal ɗin, ya nuna wanda ya ɗan yi duhu, ya ce shi dai a yi masa irin na tsofaffi. A duk tafiye-tafiyen nan yana yi wa Siddiƙu magana, amma ta abin da ya zama dole kawai: riƙe jakar, tambayi direba, ƙarfe nawa.

Ranar da aka saka haƙoran, leɓen da ya lotsa ya taso, fuskar ta dawo tasa. Likita ta miƙa masa madubi. Ya duba sau ɗaya ya ajiye, ya gwada harafin sin a hankali. Ta fito da ɗan fito. Likita ta karɓi haƙoran ta goge bayan robar kaɗan, ya sake gwadawa, ta ragu. Ta ce ya riƙa cire su in zai kwanta, ya wanke da buroshi ya sa a ruwa, kuma ya yi ta karatu da ƙarfi kullum.

Wata biyu ya yi yana fama. Robar ta ci masa dasashi, aka koma aka rage. Sannu a hankali haruffan suka zauna, ban da sad, wadda har yanzu in ya gaji takan zame. Ya buɗe karatun zaure. Da azumi ya matso, Sirajuddeen ya zo da kansa ya roƙe shi ya koma kujerarsa. Malam ya ce a'a. Wanda aka ba wuri ya riƙe shi da kyau ba a tashe shi, kuma shi ya san muryarsa ta da, ya san ta yanzu.

Siddiƙu ya ji wannan daga bakin Inno. Ya samu Malam da hantsi yana gyara littattafai, ya durƙusa ya ce, "Baba, har yau ba ka ce ka yafe mini ba."

Malam ya ci gaba da jera littattafan. "Na yafe tun ranar da ka dawo daga Malisa. Ban faɗa ba don na ga kana son ka ji ne ka huta." Ya busa ƙurar da ke kan bangon wani littafi. "To ka ji. Tashi ka tafi wurin aiki, ka makara."

Siddiƙu ya tashi. Ya ji maganar da ya yi wata da watanni yana jira, amma bai ji hutun ba. A ƙofar gida ya ci karo da maƙwabcinsu yana tambaya ko gaskiya ne bana ma Malam ba zai ja baƙi ba. Ya ce gaskiya ne. Mutumin ya ce kai, an yi asara, ya wuce.