Shafin da Babu Hatimi

Ranar Talata Malam Ɗayyabu ya sauke sandunan ƙarfe da waya a bakin gonarsa, daidai inda shanunmu suke bi su je rijiya. Ya ce ranar Asabar zai kafa shinge.

Rijiyar ta kakanmu ce, amma gonar su Ɗayyabu ta kewaye ta. Hanya ɗaya ce, 'yar siririya. In aka rufe ta, sai an kora shanu tafiyar rabin yini kafin su sha ruwa, ga bazara, ga Baffa Lauwali, ƙanin mahaifina da ya riƙe ni, gwiwarsa ta kumbura ko masallaci da kyar yake zuwa.

Baffa ya dogara sanda ya fito da takardar yarjejeniyar hanyar shanun da kakanmu da mahaifin Ɗayyabu suka dangwala wa hannu a 1988. Ɗayyabu ya karɓa, don shi ya yi boko.

"Malam Lauwali, ai takardar nan ta rasu," in ji shi. "An rubuta za a bi dokar jiha, ga kuma hatimin Jihar Kano. Mu yanzu a Jigawa muke. Ka kai ta Kano, wataƙila su ba ka rijiya a kasuwar Kurmi."

Masu sauke waya suka yi dariya. Baffa ya karɓi takardarsa. Da muka koma gida na kasa zama, na wanke ƙwaryar da na riga na wanke, na leƙa garke, na dawo, na sake leƙawa. Takardar da Turanci take, ni kuwa a aji huɗu na tsaya, amma na ga wata lamba a ƙasanta: biyu. Na so in faɗa a gaban mutane, nauyin manya ya hana ni.

Da safe Baffa ya ce, "Khairiyya, ke za ki je Kazaure. Akwai lauya, Barista Mas'uda, 'yar nan Roni ce. Ki ce ni na aiko ki."

Na hau acaɓa, takardar a cikin leda ƙarƙashin hijabina, ina taɓa ta kowane lokaci. A ofis na jira har aka yi azahar. Barista ta karanta, ta juya bayanta, ta nuna min wasu 'yan huji biyu masu tsatsa a kusurwa, inda ƙarfe ya taɓa haɗa ta da wani shafi.

"Ina shafin farko?"

"Na ga dai lamba biyu, Hajiya."

"Idonki ya gani daidai. A shafin farko ake fayyace abin da kalmomi suke nufi. In takarda ta ce dokar jiha, a can ake faɗin wace doka ce, ta wace jiha. Ko babu shi, raba jiha ba ya kashe yarjejeniya. Amma kafin kotu ta faɗi haka an kafa shingen, shanunku sun rame. In kin samo shi, mai yiwuwa maganar ta ƙare a gaban dagaci."

Na kira Baffa a waya. Ya ce, "Yana wurin Shatu." Ashe ranar rabon gadon kakanmu maza suka ɗauki shafin da yake da hatimi da dangwale, don shi suka ɗauka takarda. Ɗayan, da babu komai sai rubutu, suka miƙa wa ƙanwarsu, Goggo Shatu, don kada ta ce an mance da ita. Tana aure a Kanya Babba.

Alhamis na kama hanya tun hantsi. Motar ta ƙi cika, sannan ta yi faci a hanya. Ina ta ƙirga kwanaki a yatsu, kullum biyu suke fitowa.

Goggo ta tarbe ni da murna. "Sai kin ci abinci."

"Goggo, takarda..."

"Takardar da ta yi shekara talatin tana jira ba za ta gudu ba. Zauna."

Na ci dambu ban ji ɗanɗanonsa ba. Sai da na gama ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fara fito da zannuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da labarinsa. A can ƙasa shafin yake, an shimfiɗa shi don kada tsatsa ta taɓa kaya. Ya yi ja, amma rubutun yana nan.

"Wato abin da suka jefa min ne yau ake nema?" Ta yi dariya har da tafi. "To ƙafata ƙafarsa."

Ranar Juma'a da safe mu biyu muka shiga wurin Barista. Ta sa yatsa a layi na huɗu ta fassara mana: "Duk inda aka ce dokar jiha a wannan takarda, ana nufin dokar jihar da gonar take ciki a kowane lokaci, da duk gyaran da aka yi mata, da duk wadda ta maye gurbinta." Ta ce wanda ya rubuta ya ga an cire Katsina daga Kaduna shekara ɗaya kafin nan, ga ta kuwa a maƙwabta, shi ya sa ya yi hattara. Ta rubuta fassarar da Hausa ta sa hannu.

Asabar muka tarar har an haƙa ramuka shida. Dagaci ya sa aka kira Ɗayyabu, sannan ya ce ni zan karanta fassarar, tunda ni na ɗauko. Na karanta har ƙarshe. Ɗayyabu ya karɓi shafin Turancin ya karanta sau biyu. Ya haɗa kusurwoyin shafukan biyu, hujin tsatsa ya faɗa kan huji.

"Ranka ya daɗe, ni ban san da wannan ba."

"Yanzu ka sani," in ji dagaci. "Kafa shingenka, ka bar wa shanu faɗin hanyar da aka rubuta."

Baffa ya miƙa hannu zai haɗa shafukan biyu ya sa a aljihu. Goggo ta riga shi.

"A'a, Yaya. Rabona ne. Wanda yake so ya zo Kanya Babba ya ci dambu."

Ban tsaya jin amsar Baffa ba. Rana ta ɗaga, shanu tun asuba ba su sha ba. Na ruga garke na kwance su.