Lomar da Mama Ta Naɗa wa Surukinta

Mun isa kwarin Gapyeong da hantsi a motoci biyu. Ni da Baba da Mama muna cikin tsohuwar motarmu, Yaya Sonju da mijinta Tak Dongpil suna cikin baƙar motarsa da ya fi kula da ita fiye da matarsa. Zafin watan Agusta ake yi mai sa mutum ya ji kamar ya tuɓe fatarsa, amma Yaya ta sauko da riga mai dogon hannu, maɓalli har wuya.

Ni na san abin da rigar ta rufe. Wata uku da suka wuce ta nuna min, bayan ta sa na rantse ba zan gaya wa iyayenmu ba. Tabon wutar sigari bakwai na ƙirga a damtsenta. Don haka ba shan iska ya kawo ni ba. Abu ɗaya nake so: in mun naɗe tanti, Yaya ta shiga motarmu, kada ta sake shiga tasa. Ta yadda za a yi hakan kuwa, ban sani ba.

Ba a gama kafa tanti ba Dongpil ya fara halinsa. Wai Yaya ta manta guduma a gida. Ya ja ta bayan mota, na ji tas, sannan na ji kanta ya bugu da ƙarfe. Suka fito yana dariya, rungume da kankana zai kai rafi ta yi sanyi. Turken tanti na hannuna, na matse shi har ya yi min shaida a tafi.

"Tak-sobang, huta mana, ka sha tuƙi!" in ji Mama. Haka take kiransa, sunan da ake girmama suruki da shi. Shekara tara tana yanka masa kaza duk ranar da ya zo, tana yabon ladabinsa a kasuwa. Abin yana ci min rai, ba kaɗan ba.

Da rana ta take ya hura gawayi, ya ɗora wayar gashi, ya shimfiɗa naman cikin alade mai layin kitse da tsoka. Awartaki a dama, almakashi a hagu, yana hura hanci. Kowa a ƙasar nan ya san ana cewa sau ɗaya ake juya wannan nama, amma shi ya mai da maganar addini. Ba mai taɓa wayarsa. Baba, wanda ya shekara saba'in bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, yana zaune yana ɓare tafarnuwa. Mama ta gangara rafi wanke latas da ganyen riɗi.

Dongpil ya ajiye awartaki a bakin wuta, ya tafi ɗauko giyar soju daga inda ya binne kwalabe a ruwa. Kitse ya ɗiga, wuta ta tashi, naman ya fara baƙi. Yaya ta sa tsinken cin abinci ta juya yanka uku da sauri.

Ya dawo ya tsaya yana kallon wayar.

"Wa ya taɓa min nama?"

"Ƙonewa yake yi," in ji Yaya, murya can ƙasa.

"Ashe! Sannu da taimako, uwargida."

Da murmushi ya faɗa. Ya ɗauki awartakin da ya daɗe a wuta, ya kama hannunta ƙarƙashin tebur, ya ɗora mata a bayan hannu ya danna. Na ji cuu. Yaya ba ta yi ƙara ba, leɓe kawai ta ciza. Baba bai gani ba. Na yunƙura zan tashi, sai idona ya faɗa kan Mama. Tana tsaye taku biyar daga mu, kwandon ganye a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafarta. Daga inda take ana ganin ƙarƙashin teburin sarai.

Na jira ta yi ihu.  Sai ta zo ta zauna kusa da Dongpil, ta ajiye kwandon.

"Baban yara, zuba wa surukinka mana. Tun ɗazu yake fama da hayaƙi."

A raina na ce shi ke nan, tsohuwar nan ta zaɓi rufin asiri. Na tsane ta a wannan lokacin, ba zan ɓoye ba.

Baba ya zuba. Dongpil ya karɓa da hannu biyu, ya kau da fuska gefe kamar yadda ƙarami yake yi in zai sha a gaban babba. Baba ya ƙara, ya sake juya ƙeya. Ɗan ladabi ke nan. A juyi na biyun ne Mama ta sa tsinken ƙarfe ta zaro garwashi mai girman ƙwayar gyaɗa biyu, ja wur. Ta riga ta jera latas uku a tafinta, da ganyen riɗi, da shinkafa, da yankan nama. Ta ɗora garwashin, ta rufe da wani yankan, ta lakato yaji, ta naɗe. 

"Tak-sobang, kai kake gashi, ko loma ba ka sa ba. Buɗe baki. Aaa."

In babba ta naɗa maka loma ta kawo bakinka da hannunta, ba a karɓa da hannu, ba a gutsura. Baki ake buɗewa a ɗauke gaba ɗaya. Ya sunkuyar da kai.

"Na gode, Mama."

Ta cusa masa. Ya tauna sau ɗaya, sau biyu. Idanunsa suka firfito. Kafin ya tofar ta danne masa baki da tafin hannu, ɗaya hannun ya damƙi gashin ƙeyarsa. Mace ce da ta shekara talatin tana ɗaga tulunan kimchi, kabejin nan da muke jiƙawa da yaji, riƙonta ba na wasa ba ne.

"Haɗiye!" take cewa. "Haɗiye, ɗan kare! Sau ɗaya ake juyawa ko? Haɗiye!"

Ya yi gurnani ta hanci, ya harba ƙafa. Teburin ya kife, waya da nama da garwashi suka watsu a kan tsakuwa, gefen tanti ya kama da wuta. Ya ƙwace, ya kai wa Mama naushi a ƙunci, ta faɗi kan akwatin ƙanƙara. Ban san lokacin da kwalbar soju ta zo hannuna ba. Na sauke masa a bayan kunne. Ba ta fashe ba, sai na ƙara, ta fashe. Jini ya gangaro masa wuya. Ya juyo ya shaƙe ni, yana tofo baƙin yawu da shinkafa a fuskata, ƙasa ta fara juya min.

Baba ne ya cire shi daga kaina, da kujerar ƙarfe. Sau uku ya maka masa a gadon baya, yana kuka yana tambaya, "Me ya faru? Me ya yi?" Bai san dalili ba, ya dai ga an taɓa matarsa da 'yarsa. Mama ta miƙe, ta kama hannun rigar Yaya ta yage shi har kafaɗa, ta ɗaga damtsen sama. Baba ya duba. Ya sake ɗaga kujerar, sai da maza biyu daga tantin kusa suka rirriƙe shi. Wata mata ta kashe wutar tanti da ruwan wanke shinkafa.

Dongpil ya ja jiki zuwa motarsa. Harshensa ya kumbura, ba ya iya magana. Ya buɗe ƙofar gaba ta gefen fasinja, ya kalli Yaya, ya yafito ta da yatsa ɗaya.

Yaya ta tashi. 

"Yaya, kar ki je," na ce. Muryata a shaƙe take, da ƙyar ta fita. "Don girman iyayenmu, kar ki je."

Ta wuce ni. Ta taka har gaban motar, ta tsaya. Ta daɗe tana kallon kujerar da ta shekara tara tana zama a kai. Sai ta sa hannun da ya ƙona ta tura ƙofar ta rufe, ta juyo. Ya daki gilashi, ya daki sitiyari, ya ja motar da ƙarfi har tsakuwa tana tashi.

Ta zo ta durƙusa gaban Mama, ta buɗe mata tafin hannu. Duk ya tashi da bororo. Ta ɗebo ƙanƙara daga ƙasa ta ɗora, nata hannun a kan na Mama.

"Mama," ta ce, "ɗakina har yanzu buhunan barkono ne a ciki?"

Mama ta tofar da jini gefe.

"Yau zan kwashe su."