Kofi Mai Karyayyen Hannu

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da adabi, kuma kowace shekara sai na faɗa wa ɗalibai cewa yawancin waƙoƙin rabuwar masoya ƙarya ne. Zuciya ta kama da wuta, hawaye sun zama kogi, wata ya dushe. Babu mawaƙin da ke faɗin wanda ya tafi da dutsen guga. Nakan ce musu, ranar da kuka ga dutsen guga a cikin baiti, to wannan da gaske aka rabu da shi.

Wata bakwai bayan rasuwar matata, 'yarmu ta matsa mini in kwashe durowar gefen gado. A ƙarƙashin katunan asibiti na tarar da littafin rubutu mai koren bango. Rubutun matata ne. Waƙoƙi goma sha huɗu, duk da bakin mace mai barin mijinta. Babu wata, babu kogi. Akwai mabuɗi da aka rataye a ƙusa, akwai tawul ɗaya a kan igiya inda da biyu ne. Kwanan watan da ke sama ya nuna shekara ta tara da aurenmu. Waƙa ta shida ta ƙare da haka:

Na ɗauki kofin nan mai karyayyen hannu,
Na bar maka sauran, har da shirunka.

Kofin yana kicin ɗina. Da shi nake shan shayi kowace safiya. Shiru kuwa, ko maƙiyina ya san ina da shi.

Kwana huɗu ina karanta su da jan biro a hannu, ina neman inda ta yi ƙarya, ban samu ba. Ashe matar da na ɗauka ta zauna da ni don tana so, haƙuri kawai take yi, kayanta a ɗaure a zuciya.

Rana ta biyar na tafi shagon ɗinkin ƙanwarta, wadda kowa ke kira Auta duk da furfurarta. Na same ta da tef ɗin awo a wuya, tana zana alli a kan wani yadi.

"Yaya, yau kai ne a shagona? Wando ya yage ke nan."

Na ajiye littafin a kan teburin yanka. "Ke kin fi kowa sanin cikinta. Ta taɓa shirin barina?"

Ta ɗaga tabarau, ta buɗe, ta karanta shafi biyu. Sai ta zauna a kujerar keken ɗinki tana dariya har da share ido.

"Ban ga abin dariya ba."

"Ai ba ka taɓa gani ba. Yaya, shekarar nan da ke rubuce, wa ke kwana a ɗakinku na baƙi?"

Na shiga laluben shekarar a kaina.

"Ni ce. Wata uku cur. Na baro gidan mijina, direban nan, da akwati ɗaya. Kullum kana gaishe ni, kanka a cikin takardun jarrabawa, ba ka taɓa tambayar abin da ya kawo ni ba."

"Na ɗauka hutu kika zo."

"Hutu da kumburarren ido? In ka fita aiki sai in zauna ina zuba mata surutu, ita tana rubutawa. Da la'asar ta karanta mini. Da na ji zancena a bakinta sai in ga ashe abin ya wuce. Mabuɗin nan ni na rataye shi."

"Kofin fa? Yana gidana."

"Nawa ne. Shi kaɗai na ɗauko, don haushi, saboda da shi yake shan shayi. Da zan tashi daga gidanku na ga ba na son ganinsa, na bar muku."

Wato shekara ashirin da biyar ina shan shayi a kofin direba.

Na jawo benci na zauna. Can na ce, "Ni ba ta taɓa rubuta mini ko baiti ɗaya ba?"

"Na tambaye ta. Ta ce me za ta rubuta? Kai kamar firji kake, kullum kana inda aka ajiye ka, kana ɗan gunaguni."

Wannan muryar matata ce, ba ƙari. Na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina.

"Ka dawo mini da kofina," in ji Auta, ta koma kan allinta.

"Ki kai ƙara."

Da na isa gida na ɗora ruwan zafi, na sake buɗe littafin, wannan karon a matsayin malami. Waƙa ta takwas tana da rauni, ta sa hawaye a inda ba a buƙata. Na ɗauki jan biron, na riƙe shi a kan baitin, sai na mayar da murfinsa.